Totur a cike, inji na barci: waɗannan wasannin tuƙin jirgi yaudara ne

Mai_Shawagi: Jama'a wallahi na gaji. Na sayi sandar tuƙi mai totur a gefe, na jona a kwamfuta, na hau jirgin Airbus A320. Ina bakin titin tashi na tura totur har ƙarshe, inji ya yi kamar bai ji ba, sai can ya fara gurnani. A sama kuma in na ɗan ja shi baya, allurar N1, mai nuna gudun fankar inji, ko gezau. Na haƙura na koma ƙaramin jirgin nan mai farfela, Cessna 172, shi kuma totur ɗinsa rawa yake yi a allo, ya hau ya sauka, ban taɓa shi ba. Masu haɗa waɗannan wasannin ba su san yadda inji ke aiki ba, kuɗin mutane kawai suke ci.

Kyaftin_Ɗaki: Wasanni? Malam gyara kalamanka tukuna. Na'urar kwaikwayon tuƙi ce. Wanda ya ɗauke ta wasa, dole ta yi wasa da shi.

Dogo737: To fa. Kyaftin, abin da ake sayarwa a na'urar wasa ta Xbox tun 2021 me sunansa?

Kyaftin_Ɗaki: Microsoft Flight Simulator tun 1982 yake, ya girme ka. Kuma X-Plane, irinsa da nake amfani da shi, akwai nau'insa da hukumar FAA ta Amurka ta amince a horar da matuƙa da shi. Wane wasa ka taɓa ji hukuma ta sa wa hannu?

Dogo737: Wancan na makarantu ne, da kayan aikinsa na musamman. Naka na ɗaki, ko ka shekara a kai, ba wanda zai rubuta maka awa ɗaya a littafin matuƙi.

Anti_Injiniya: Ƙannena, kun bar jaki kuna dukan taiki. Mai_Shawagi, matsalolinka ba ɗaya ba ne. Jinkirin A320 ba lalacewa ba ce. Injin jet sai fankarsa ta ɗauki gudu kafin ƙarfi ya zo, shi ya sa dokar Amurka ke auna ƙarfin sake hawa in an fasa sauka da abin da inji ya bayar daƙiƙa 8 bayan an tura totur. Matuƙa ma ba sa cika shi lokaci guda: sukan kai N1 wajen kashi 50, su jira injinan biyu su daidaita, sannan su tura zuwa gurbin tashi, FLX ko TOGA. Bayan an tashi ana ajiye totur a gurbin hawa, wato CL, daga nan kwamfutar jirgin ke ƙara mai ko rage shi. In ka ja shi baya kaɗan, iyaka kawai ka sauke mata, in ba ta kai iyakar ba allura ba za ta motsa ba. Rawar Cessna kuwa daga wajenka take. Rubuta joy.cpl a Windows ka kalli layin totur hannunka a ɗage. In yana karkarwa a can, na'urar da ke auna motsi a cikin sandar ta yi datti ko ta cinye. In yana tsaye cak, shiga saiti ka duba, ƙila an ɗaura totur a wuri biyu, sandar da kuma wata na'urar da ke jone, suna ta ja-in-ja.

Dogo737: Kun ji ko? Kwamfuta ke tuƙa Airbus. A Boeing ko totur mai sarrafa kansa ne ke aiki, kana ganin hannayen suna motsi da idonka. Airbus jirgin malalata ne.

Ɗan_A320: Dogo ka kiyaye ni. Wa ke malalacin?

Dogo737: Ban kira suna ba, ɗan'uwa.

Ɗan_A320: Kai da ka sa 737 a sunanka, ka taɓa tayar da shi daga sanyi ba tare da ka danna Ctrl+E, mai kunna maka inji kai tsaye, ba? Faɗi gaskiya tsakaninka da Allah.

Kyaftin_Ɗaki: Duk mai danna Ctrl+E shi ne ɗan wasa. Ka ga mun dawo kan maganata.

Mai_Shawagi: Ni dai Cessna ɗin ma injinsa ba ya kai juyi 2700 a minti a ƙasa ko na cika totur. Wannan ma laifina ne?

Anti_Injiniya: Ba laifin kowa ba ne. 2700 jan layi ne, iyakar da ba a wucewa. Farfelar 172 ba ta sauya kusurwa, in jirgin na tsaye wajen 2300 zuwa 2400 za ka gani, sai ya fara gudu ta ƙaru. In kuma filin jirgin na kan tudu, sama da ƙafa 3000, ja jan maɓallin nan na gaurayen mai baya kaɗan, iska ta yi ƙaranci, man ya yi wa injin yawa.

Kyaftin_Ɗaki: Anti, da girmanki, ki fara gaya masa ya janye kalmar.

Bako_99: Wani abokin yayana matuƙi ne na gaske, ya ce duk wasa ne.

Kyaftin_Ɗaki: Wane kamfani yake tuƙa wa?

Bako_99: Ba zan faɗa ba.

Ɗan_A320: Dogo, har yanzu ina jiran amsar Ctrl+E.

Dogo737: Ka ci gaba da jira.

Shugaban_Zaure: To, ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda cewa na'urar kwaikwayo ba wasa ba ce, kuma Kyaftin ya kawo hujja mai ƙarfi daga FAA wadda ba a iya karyawa ba. Dogo ya yi ta kame-kame, shaidar Bako kuwa ba ta da tushe. Ni kaina X-Plane nake amfani da shi. Anti ta yi wani dogon bayani kan saiti, mai buƙata ya hau sama ya karanta. Daga yau duk wanda ya sake rubuta "wasa" a nan zan goge saƙonsa.