Abin da aka tattauna kan koyon kalmomin Faransanci

Jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da gaisuwa, ƙidaya da kalmomin ciniki, musamman masu zuwa Maraɗi da Damagaram. An ja kunne kan 80: quatre-vingts ake cewa, wato ashirin sau huɗu.

2. Kada a haddace suna shi kaɗai, a haɗa da le ko la, wato ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna don nuna jinsinsa, le na namiji, la na mace. Le livre littafi ne, la livre kuwa ma'aunin nauyi.

3. Nan aka fi daɗewa. Kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, jimla ce ke raba gardama. Voler na nufin tashi sama, yana kuma nufin sata. Avocat lauya ne a kotu, a kasuwa kuwa fiya ce. Har wurin zaman kalma yana sauya ma'ana: ma propre chambre ɗakina na kaina, ma chambre propre ɗakina mai tsabta. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci, don haka a riƙa rubuta jimla sukutum a littafin aiki.

4. An rabu kan nahawu. Malaman makaranta sun ce a fara da sarrafa kalmomin aikatau être (kasancewa) da avoir (mallaka). 'Yan kasuwa suka ce baki ya fara sabawa tukuna, gyara ya biyo baya. Ba a daidaita ba.

5. Wasu sun ba da shawarar sauraron Journal en français facile na RFI, wato shirin labarai cikin sauƙaƙan Faransanci, kullum, wasu suka ce ya yi wa ɗan koyo nauyi.