Neman shawara: in biya kuɗin koyon rubuta manhaja ko in dakata?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada. Akwai wata cibiya wajen PZ da ke koyar da rubuta manhaja, sun ce malamansu sun daɗe suna aikin. Wata uku ne, naira dubu 150, za a koyar da harsunan rubuta manhaja huɗu, wato Python, Java, JavaScript da PHP, a ba da takardar shaida. Kuɗin adashen Hajiyarmu ne ta ce in ɗauka, shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Kwamfutata kuma tsohuwa ce, RAM ɗinta, wato ma'adanar da take amfani da ita yayin aiki, 4GB ne kacal. Don Allah a ba ni shawara.

Mai rubuta manhaja daga Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanena. Harsuna huɗu a wata uku, nan ne hankalina bai kwanta ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Python tun 1991 yake, JavaScript tun 1995, babu wanda zai gudu ya bar ka. Tunda lissafi ne hannunka, kama Python ka zauna a kansa. In shafukan intanet ne ke burge ka, fara da HTML da CSS, waɗanda ake tsara shafi da su, sannan JavaScript.

Kafin ka biya ko sisi, je ka nemi ganin malamin da kansa. Ce ya buɗe maka GitHub ɗinsa, wato shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ko ya nuna maka wata manhaja tasa da mutane ke amfani da ita yau. Sannan ka tambaya: wa zai riƙa duba abin da na rubuta, sau nawa a mako? Bayanin farko kyauta ne, yana nan a shafin freeCodeCamp da darasin CS50 na Jami'ar Harvard. Abin da ake biyan ƙwararre dominsa shi ne ya zauna kusa da kai ya ce wannan layin zai ɓaci ranar da mutum ɗari suka shigo lokaci guda, ya koya maka Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da ka yi wa aikinka, ya saba maka da karanta saƙon kuskure ba tare da gabanka ya faɗi ba. Duk inda na nemi aiki, abin da na gina suka fara tambaya.

'Yar Kongo:
Yaya, na yarda da kai, amma kar a raina aji. Sau uku ina farawa ni kaɗai a waya ina watsarwa. Sai da na samu malama mai tambayata aikin gida duk Asabar sannan na tsaya. Malam, ka roƙe su ka zauna darasi ɗaya kyauta, kuma ka nemi biya kashi-kashi.

Wani daga Sabon Gari:
4GB zai ɗauke ka a farkon Python. In da hali, sa wa kwamfutar SSD, wato ma'adanar bayanai mai sauri, ka ƙara RAM zuwa 8GB. Ka tambaye su ma ko suna da sola. Kuma ka sa ido kan 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani da aka fara a 2023, kyauta ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Gobe bayan La'asar zan je in ga malamin. Yaya na Samaru, in ya buɗe mini GitHub ɗin, me zan duba a ciki?