Haƙa rami mai zurfi kusa da gidan maƙwabci: yaya za a kare harsashinsa?

Mai Gini:
Assalamu alaikum. Muna shirin gina bene mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ramin zai kai zurfin mita 3, alhali gidan maƙwabcinmu bai wuce mita 1 daga iyakarmu ba, kuma harsashinsa bai kai rabin wannan zurfin ba. Ɗan kwangila ya ce ƙasar tana da tauri, saboda haka za a haƙa a miƙe ba tare da tokari ba. Shin in amince?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka amince. Nauyin gini yana bazuwa cikin ƙasa ta gefe, shi ya sa muke jan layi daga gindin harsashin maƙwabci zuwa ƙasa a karkace, digiri 45. Ramin da ya ratsa wannan layin ya taɓa ƙasar da ke ɗauke da gidan, kuma naka zai ratsa shi. Ko dai a kafa ginshiƙan kankare a jere kafin a fara haƙa, a tokare su da ƙarfe yayin da ake sauka, ko kuma a zurfafa harsashin maƙwabcin kansa. Idan na biyun aka zaɓa, ana haƙa ƙarƙashinsa guntu-guntu, kowanne faɗin kamar mita 1, ba a buɗe biyu da ke manne da juna a lokaci guda. Ana zuba kankare a bar ɗan gibi a sama, sai ya yi ƙarfi a dandaƙa kwaɓin siminti da yashi marar ruwa sosai a cikin gibin, domin nauyin ya hau sabon tushe. Gwajin ƙasa ne zai nuna wadda ta dace cikin hanyoyin nan biyu.

Tsohon Birkila:
Injiniya ya yi gaskiya, amma ina ƙara maganar ruwa. Ƙasar da ta tsaya ƙyam da rani tana iya zaftarewa bayan ruwan sama ɗaya, kuma idan aka yi ta zuƙe ruwan ramin da inji, ƙasar da ke ƙarƙashin maƙwabci takan lotsa, bango ya tsage. Kada a jibge ƙasar da aka haƙo a bakin ramin.

Injiniya:
Haka ne, Baba. Sannan, Malam, taɓa harsashin wani yana buƙatar izininsa a rubuce. Ku ɗauki hoton duk wata tsaga da ke bangonsa kafin a fara aiki, ku sa mata alama, a riƙa auna ta har a kammala.