Abin da muka ci bayan an cire mana turmin haƙori na ƙarshe

Mai tambaya, daga Rafindadi: Assalamu alaikum. An sa ranar da za a cire wa ƙanwata turmin haƙorinta na ƙarshe, wanda yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, domin nata ya fito a karkace yana matse na kusa da shi. Ni ce zan yi jinyarta, don haka ina roƙon waɗanda aka taɓa yi wa wannan aiki su faɗa mana abin da suka ci har dasashinsu ya warke.

Wata malamar makaranta, daga Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam, Allah ya sa a yi a sa'a. Likitan da ya cire nawa ya fahimtar da ni cewa jini ne ke daskarewa a cikin ramin ya rufe ƙashi da jijiya, kuma idan wannan gudan jinin ya fita kafin nama ya tofo, zafin da ke biyo baya yakan fi na ciwon haƙorin kansa. Saboda haka a awa 24 na farko kindirmo mai sanyi da ayaba da aka dagargaza kawai na sha, da cokali, ban kurkure baki ba, ban kuma yi amfani da tsinken zuƙar lemo ba, domin zuƙa tana fizgo jinin. Daga baya na koma koko da kunun gyaɗa da aka tace, amma sai sun huce.

Wani tela, daga Daura: Malama ta faɗi gaskiya. Ni fura da nono ce ta riƙe ni, sai kuma alale da dafaffen ƙwai lokacin da bakina ya fara buɗuwa sosai.

Wata dattijuwa, daga Sabuwar Unguwa: Ɗana, ban ƙi furar ba, amma a yi hattara da ita. Furar kasuwa tana da barkono da citta da kanumfari, ga gudajin gero waɗanda ba sa damuwa duka, kuma ni da na sha ta sai da tsakin ya maƙale a ramin, na kwana ina jin raɗaɗi har cikin kunne. Idan za a ba yarinyar, a dama ta sosai a tace da rariya. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne tuwo mai laushi da miyar kuka ko ɗanyar kuɓewa ba tare da attarugu ba, tunda santsin miyar yana wucewa da lomar ba sai an tauna ba. Faten dankali da dafaffiyar kabewa ma suna ƙosarwa. 'Yata, ki ɓoye mata kilishi da ƙuli-ƙuli da dambu, har shinkafa ma a jinkirta, sannan kada ta kuskura ta kai tsinken sakace wurin.

Telan Daura: Na karɓi gyara, Hajiya, tawa furar gida ce mai laushi. Ina ƙarawa da cewa daga rana ta biyu nakan kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri bayan kowane abinci, kuma ta ɗaya ɓangaren nake tauna. Idan zafin ya ƙaru maimakon ya ragu bayan kwana biyu ko uku, ko baki ya fara wari, ko zazzaɓi ya shigo, a mayar da ita wurin likita ranar nan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, awara da ba a soya ba fa, za ta iya ci a makon farko?