Arewacin Nijar: rairayi ne zalla, ko da sauran magana?

Ɗan Kantin Kwari: Salamu alaikum jama'a, ku raba mu gardama. Jiya a shago na ce wa wani abokin cinikina Badamagare, ƙasarsu da ka wuce Tanut shi ke nan, rairayi ne shimfiɗe kamar faifai har Libiya, ba dutse ba kwari. Mutumin nan ya yi ta dariya, wai ban san Nijar ba. To ba cewa ake kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar hamada ce ba? Ina kuskurena?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Alhaji, ba ka yi kuskure ba. Ni na ci hanyar Agadas zuwa Dirku har ta ci ni. Da ka faɗa Tenere, babbar hamadar nan ta gabas da Agadas, ba ka ganin komai sai sama da yashi. Mu rage iskar taya, mota ta kafe, mu sauka mu tona, mu shimfiɗa mata ƙarfe, ta fita, an jima ta sake kafewa. Wanda bai haɗiyi ƙurar nan ba kada ya gaya mini.

'Yar Abzin: Baba Direba, girmanka ne, amma ka bi hanya ɗaya ka ce ka ga ƙasa. Ni a Timiya aka yanke mini cibi, cikin duwatsun Abzin. Lemu da rumman da dabino a garka muke tsinka. Akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a ƙasa, yara na wanka. Da sanyi kuwa bargo biyu ba ya isar mutum. Albasar Tabelot da ake lodawa manyan motoci a yi kudu da ita, a kan tudun rairayi aka noma ta?

Ɗan Kantin Kwari: Hajiya, ɗan tsibirin lambu a tsakiyar hamada ai ba ya sa a ce ƙasa ba hamada ba ce.

Mushen Lakwal: Alhaji, a nan aka samu cikas. Kai ka ɗauka hamada da rairayi abu guda ne. Hamada wuri ne da ruwan sama ya yi wa ƙaranci, ko dutse ne, ko tsakuwa, ko yashi. Sahara gaba ɗayanta, tuddan rairayi ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kuma abin dariya, ita kanta kalmar hamada da muka aro, a wurin Larabawan Sahara tudun dutse take nufi, fili mai faɗi wanda iska ta share wa yashi ta bar dutse tsirara. Ka ga mun ɗauki sunan dutse mun laƙaba wa rairayi.

Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ce. Wuri mafi tsawo a cikinta yana Abzin, a kan tsaunin Bagzan, sunansa Idukal-n-Tages, mita 2,022 sama da teku. Wuri mafi ƙasa kuma bakin kogin Kwara ne, wajen mita 200. Faifai ba ya haka.

Ɗan Kantin Kwari: Mita 2,022? Malam, kana nufin ya fi duwatsun Jos?

Mushen Lakwal: Ya fi. Duwatsun Shere na Filato mita 1,829 ne. Sai dai kada ka ji haushi, Chappal Waddi na Taraba ya kere shi, mita 2,419.

Tsohon Direba: Ku dai kuna da takarda. Abzin na san shi, ba a gefensa muke ratsawa ba? Amma Tenere fa? Wajen murabba'in kilomita 400,000 aka ce, ku da kanku kuke faɗa. Wurin da bishiya guda tal ta yi suna har aka sa ta a taswira saboda ba ta da 'yar'uwa. A 1973 mota ta banke ta, gawarta na gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ni da idona na sha wuce ta ƙarfen. In wannan ba teku na rairayi ba ne, mene ne?

'Yar Abzin: Duk faɗin Tenere direba ya rasa abin da zai kaɗe sai ita. Ku kenan.

Tsohon Direba: Ba ni ba ne, 'yata, lokacin ko kwandasta ban zama ba.

Mushen Lakwal: Baba yana da gaskiya rabi. Daga wajen Fashi zuwa Bilma, da kudu da ita har kusa da Tafkin Chadi, rairayi ne na gaske, tudu bayan tudu. Amma arewacin Tenere yawancinsa fili ne mai tauri, tsakuwa da siririn yashi, mota na sheƙa gudu a kai. Sannan Baba, da ka isa Dirku me ka tarar a gabas da kai?

Tsohon Direba: Dutsen Kawar.

Mushen Lakwal: To ka gani. Doguwar katangar dutse ce daga arewa zuwa kudu, a gindinta ruwa ke kusa, shi ya sa aka samu dabino da ramukan gishirin Bilma. Ba don ita ba, ayarin raƙuma da me zai je ya yi a can? Kantun gishirin da kakanninmu ke saya wa dabbobi a Kano da Katsina daga gindin dutsen nan ya fito. In ka ƙara arewa kuma ga tudun Jado da tsofaffin garuruwansa da suka zama kufai, inda aka yi rububin zinariya a 2014.

Ɗalibar Jami'a: Ku ba ni dama in sa baki, iyayena. Shi kansa rairayin baƙo ne. A Gobero, cikin Tenere, a shekarar 2000 ayarin wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, ya ci karo da maƙabartar mutanen da suka zauna a bakin tafki kusan shekara 10,000 da suka wuce, ga ƙugiyoyin kamun kifi, ga ƙasusuwan kifi da na dorina. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5. Wanda ya zana shi ai ganinsa ya yi. A Gadufawa kuma an tono ƙasusuwan wani kada da ya rayu wajen shekara miliyan 110 baya.

Tsohon Direba: Miliyan 110? Wa ya zauna ya ƙirga? Amma dorinar na yarda, don na ga irin ƙasusuwan nan da duwatsun niƙa a yashe a wurin da ko ƙuda babu.

Ɗalibar Jami'a: Ko a kudu ma shaidar na nan. Dallol Bosso da Dallol Mawuri tsofaffin hanyoyin manyan koguna ne da suka taɓa gangarowa daga arewa. Sun ƙafe, amma har yau ka tona kaɗan ka iske ruwa.

'Yar Abzin: Ruwan ma bai gama da mu ba. A Satumbar 2009 aka yi ruwa a kan duwatsu, korin Telwa, wato rafin da ke gangarowa daga Abzin, ya ciko ya afka wa Agadas, gidajen laka suka zube ba adadi. 'Yan'uwanmu a farfajiyar makaranta suka kwana. Ka ce wa wanda ambaliya ta cinye wa ɗaki ƙasarsa rairayi ce zalla, ka ji amsa.

Ɗan Kantin Kwari: Allah ya kiyaye gaba. To na janye "ba dutse ba kwari". Amma kashi 80 ɗina na nan, ban janye ba.

Mushen Lakwal: Riƙe abinka, ba wanda ya ƙwace. Ka dai daina auna shi da mudun yashi.

Tsohon Direba: Ni kuwa ban janye komai ba. Dutse bai taɓa riƙe mini mota kwana uku ba, ruwa na ƙarewa a jarka, fasinja na salati.

Ɗan Kantin Kwari: Hajiya, rumman ɗin nan na Timiya, yaushe yake nuna? In Badamagaren nan zai ci ni gardama, gara ya zo mini da kwali guda.