Turbo na sa motata ta ɗauke ƙarfi a kan tudu

Assalamu alaikum. Motata mai injin dizal ce, tana da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take, amma da na taka totur a kan tudu sai ƙarfi ya ɗauke, fitilar injin ta kama, mota ta koma rarrafe. In na kashe na sake tayarwa, sai ta dawo garau kamar ba ita ba.

Kwamfutar binciken mota ta nuna lambar matsala P0234, wato iskar turbo ta wuce kima. An canza sulanoid (bawul ɗin lantarki mai sarrafa turbo) da siraran tiyo masu jan iska, an wanke sensar matsin iska, amma a banza. Sandar da ke juya fukafukan cikin turbo tana motsi, sai dai tana cijewa kusa da ƙarshe.

Don Allah, ta yaya zan tabbatar baƙin hayaƙi ne ya daskare a fukafukan ba tare da an kwance turbon ba?