Abin da muka tsinta a majalisa kan kumburin babbar jijiyar ciki

Daren Asabar bayan Isha'i, a majalisarmu ta Birnin Kabi, wani likita abokin yayana ya zauna da mu, hira ta gangaro kan babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya ta ratsa ciki. Kaurinta kamar santimita 2 ne. In bangonta ya yi rauni ta kai santimita 3, ta kumbura ke nan, kuma galibi mai ita ba ya jin komai.

Taba sigari ya fi ɗora wa laifi, har da wanda ya daina. Sai tsufa, zama namiji, hawan jini, da gado. Baba Alhaji da ke gefe da kwalinsa a aljihu ya yi tsit.

Ya ce a Ingila ana kiran maza su yi hoton ciki in sun kai 65. A Amurka shawarar ita ce maza 'yan 65 zuwa 75 da suka taɓa shan sigari su yi sau ɗaya. Na'urar da ake duba masu juna biyu ce, babu allura. Ƙaramin kumburi sa ido ake yi, sai ya kai kusan santimita 5.5 ake maganar tiyata.

"Likita, in na ji bugu kusa da cibiya fa?" in ji Baba.

"Ka zo a duba ka, Baba. Amma ciwon ciki ko baya mai tsanani farat ɗaya, da jiri, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a nufi asibiti."